Yadda zaka canza waya ba tare da ka rasa lambobi, WhatsApp da shiga bankinka ba

Jama'a assalamu alaikum. Tambayar nan ta yi yawa wallahi, daga Agege, daga Idi-Araba, daga Mile 12, har da 'yan uwanmu na Alaba Rago, kowa abu ɗaya yake turowa: na sayi sabuwar waya, ya zan yi in dawo da lambobina da hirarrakin WhatsApp? Matsalar ita ce yawanci sai mutum ya riga ya bada tsohuwar an yi masa suwaf, wato musayar tsohuwar waya da sabuwa tare da ciko, a kasuwar waya ta Computer Village da ke Ikeja sannan yake tambaya, lokacin kuma bakin alƙalami ya bushe. Mafi yawan aikin nan a kan tsohuwar waya ake yinsa tun tana hannunka, kafin ma ka hau danfo ka nufi Ikeja. Don haka ka bi jerin yadda na kawo shi, kada ka tsallake ka ce wannan na sani. Na fi karkata ga Android tunda Tecno, Infinix, itel, Redmi da Samsung ne a hannun yawancinmu, amma inda iPhone ta bambanta zan faɗa.

Abin da zaka tanada

Biro da ɗan littafi, ba takardar da za ta ɓace a aljihu ba. Layin da WhatsApp da bankinka suke kai, ya zama yana karɓar saƙo. Caji sama da rabi a kowace waya, in babu nepa a unguwarku ka cika fawa bank tukuna. Data wadda ta kai girman abin da zaka ɗora, sau biyu, domin zaka ɗora sannan ka sauke. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 abin ba wasa ba ne, to ka danna *312# ka duba tsarin dare na layinka, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, *323# kuma zai nuna maka datar da ta rage. Sai memori ko filash mai shiga waya idan hotunanka suna da yawa. Duk manhajojin da zan ambata kyauta ne, kuɗinka a data da memori kawai zai tafi.

1. Nemo Gmail ɗinka da fasuwod ɗinsa

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Ranar da aka sayi waya sai a miƙa wa yaron shago ko mai cajin waya na bakin layi a ce ya saita, shi kuma ya buɗe Gmail da sunan da ya ga dama, ya sa fasuwod ɗin da ya zo masa a ka, wani lokacin har lambarsa yake sawa a matsayin lambar dawo da akawun. Mai waya ya tafi gida yana murna Play Store na aiki, shekara uku bai san yana da imel ba. To wannan Gmail ɗin shi ne makullin shagon gaba ɗaya, lambobi da hotuna da ajiyar WhatsApp duk a bayansa suke.

Buɗe Play Store, ka taɓa hoton ko harafin da ke sama ta hannun dama, zaka ga adireshin imel ɗin. Rubuta shi a littafi harafi bayan harafi, har da ɗigo da lambobin da ke ciki. In ka ga imel biyu ko uku ka rubuta su duka. Daga nan sai ka gwada ko da gaske ka san fasuwod ɗin: buɗe Chrome, taɓa ɗigo ukun nan, zaɓi "New Incognito tab", ka shiga gmail.com ka sa imel da fasuwod. Ya shiga, shikenan. Bai shiga ba, ka danna "Forgot password" yanzu-yanzu tun wayar tana hannunka, domin Google yakan turo tambaya kan wayar da akawun ɗin yake ciki ya ce kai ne, ka danna eh ka sa sabo. Idan wayar ta bar hannunka wannan hanya mai sauƙi ta tafi.

Bayan haka ka shiga "Manage your Google Account", ka je "Security", ka duba lambar da aka sa ta dawo da akawun. In ba taka ba ce ka cire ka sa taka.

Gargaɗi: idan ka canza fasuwod ɗin Google yau, kada ka goge wayar yau. Ka bari a ƙalla awa 24 ta wuce, in ba haka ba wayar tana iya ƙin karɓar sabon fasuwod ɗin bayan gogewa.

2. Tattara lambobi waje ɗaya

Lambobi wuri uku suke zama: cikin sim, cikin ƙwaƙwalwar waya, ko cikin Gmail. Na cikin ƙwaƙwalwar waya ba za su biyo ka da kansu ba, na cikin Gmail ne mafi tabbas. Sim kuwa yawanci lamba 250 yake ɗauka kuma yana yanke dogon suna, shi ya sa zaka ga "Alhaji mai tumatir Mi" sauran ya ɓace.

Shiga manhajar lambobi, je setin ɗinta, nemi inda aka rubuta "Import/Export" ko "Move contacts", a manhajar Contacts ta Google yana ƙarƙashin "Organize" ko "Fix & manage". Ka kwashe na sim zuwa Gmail, ka kwashe na waya zuwa Gmail. In wayarka ba ta da zaɓin kwashewa kai tsaye, ka fitar da su a fayil mai ƙarewa da .vcf, sannan ka shigo da fayil ɗin ka zaɓi Gmail. Ka tura wa kanka wannan fayil ɗin ta imel ma, ba ya cin data.

Kada ka yarda da cewa ya yi sai ka gani da idonka. Buɗe Chrome ka shiga contacts.google.com, ka nemi sunan mutum biyar da ka san ka ajiye kwanan nan. In suna nan, an gama. In babu, je setin waya, wajen "Accounts", taɓa Google, ka kunna "Contacts" a jerin abubuwan da ake haɗawa. Mutane da yawa suna kashe wannan don tsoron cin data, alhali lambobi ba wani abu suke ci ba.

3. WhatsApp

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan kasuwancin mutane yake. Hajiya mai sayar da atamfa da leshi ta sitatus, lissafin wanda ya biya da wanda ake bi duk a cikin hira yake. Mai kawo albasa daga Arewa, hoton rasit da muryar direba duk a nan ne.

Fara da rage kaya. Shiga "Settings", "Storage and data", "Manage storage". Zai jero maka fayilolin da suka wuce 5MB da waɗanda aka yi ta turawa a guruf-guruf, bidiyon barkwanci da gaisuwar Juma'a ta shekara biyu baya. Goge su. Dalili shi ne Google 15GB kawai yake ba ka kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a cikinsa suke rabawa, sannan daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ma ta shiga cikin lissafin. In wurin ya cika ajiyar ba za ta hau ba, har imel ma zai daina shigowa.

Hanya biyu ce, ni kuma shawarata ka yi duka biyun.

Ta farko, ajiya a Google. "Settings", "Chats", "Chat backup". Ka duba imel ɗin da aka zaɓa a wurin, ya zama shi ne wanda ka tabbatar da fasuwod ɗinsa a mataki na 1. Idan data zaka yi amfani da ita ba waifai ba, sai ka kunna "Back up using cellular", in ba haka ba zai tsaya yana jira har abada. "Include videos" kuma ka bar shi a kashe sai dai in bidiyoyin suna da muhimmanci, su ne ke kumbura ajiya. Danna koren maɓallin "Back up" ka jira ya kai 100, sannan ka duba sama ya nuna kwanan wata da lokacin yau tare da girman ajiyar. In ka ga kwanan watan bara ne to bai hau ba.

Gargaɗi: idan ka taɓa kunna "End-to-end encrypted backup", akwai fasuwod ko wata doguwar lamba mai guda 64 da ka ajiye lokacin. Ba tare da ita ba ajiyar ba za ta buɗu a sabuwar waya ba, kuma su kansu kamfanin ba za su iya buɗe maka ba. In ka manta, ka gyara tun kana kan tsohuwar waya.

Ta biyu ita ce "Transfer chats", tana nan ƙarƙashin "Chats" ɗin. Wannan waya zuwa waya ne kai tsaye, ba ta bi ta Google, ba ta cinye maka data wajen kwashewa, amma dole wayoyin biyu su kasance kusa da juna kuma iri ɗaya, Android da Android ko iPhone da iPhone. Yadda ake yi yana mataki na 7, abin da nake so ka riƙe a nan kawai shi ne tana buƙatar tsohuwar waya a hannu. Wanda ya yi suwaf a tsaye ya rasa wannan damar.

Masu GB WhatsApp da 'yan uwansa, ku ji da kyau. Waɗannan ba na kamfani ba ne, ba sa ajiya a Google yadda na asali yake yi, kuma ana rufe lambar mutum a kansu. Muhimman hirarraki ka buɗe kowacce, ɗigo uku, "More", "Export chat", ka tura wa imel ɗinka, hotunan rasit kuma ka kwashe su daban, sannan a sabuwar waya ka sauke na gaskiya daga Play Store. Mai WhatsApp Business da na yau da kullum a waya ɗaya, kowanne ajiyarsa daban, sai ka yi wa kowanne nasa. Wanda kuma aka raba masa WhatsApp gida biyu da tagwayen manhaja irin na cikin waya, na biyun sau da yawa ba ya ajiya lafiya, ka duba kwanan watansa musamman.

Abu na ƙarshe, "Two-step verification" a ƙarƙashin "Account". In ka kunna shi a baya, ka tuna fin ɗin nan mai lamba shida da ka sa. In ka manta kuma babu imel a jiki, kwana 7 zaka jira kafin ka shiga. Canza ta yanzu ka rubuta.

4. Hotuna, bidiyo da karatu

In ba su da yawa, Google Photos ya isa: buɗe shi, taɓa hotonka na sama, kunna "Backup", ka jira ya ce ya kammala. In suna da yawa kada ka ɓata data. Sa memori ka kwashe manyan folda guda huɗu, DCIM inda hotunan kyamara suke, Pictures, Download, da wadda karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙinka suke ciki. Hotuna da muryoyin WhatsApp a sababbin Android suna cikin Android, media, com.whatsapp. Wayar da ba ta da wurin memori, filash mai bakin Type-C ko kwamfutar wani amintacce za ta yi. In wayoyin biyu za su haɗu, Quick Share ko Xender sun wadatar, Samsung kuma tana da Smart Switch wanda yake kwashe kusan komai har da saƙonni da tarihin kira.

Gargaɗi: hoton da ka goge daga cikin Google Photos yana gogewa har a ajiyar, ba a waya kawai ba. Sannan memorin bakin titi mai rubutun 128GB a kuɗin banza, mafi yawansu ƙarya ne, zai nuna ya karɓi kaya amma in ka zo buɗewa hotunan sun lalace. Bayan ka kwashe ka buɗe wasu daga ciki ka gani.

Akwai kuma hotunan da bai kamata su zauna a buɗe ba ko'ina: katin ATM gaba da baya, takardar NIN, hotunan iyali na cikin gida. Na katin ATM ka goge shi kawai, babu amfanin da yake maka da ya kai haɗarinsa.

5. Banki da sauran akawun

Manhajar banki ba ta biyo ka da kanta, sabon shiga zaka yi. Ka jera su a littafi, bankinka, OPay, PalmPay, Moniepoint, duk wanda kake da shi, ka tabbatar ka san lamba ko sunan shiga, fasuwod, da fin ɗin tiransifa. Wanda ya saba shiga da yatsa shekara biyu yawanci ya manta fasuwod bai sani ba. Fita daga manhajar ka sake shiga da hannu ka gani. Ka kuma tabbatar wane layi ne alat da lambar OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya, suke shigowa. *565*0# zai nuna maka BVN a layin da aka yi rajistarsa da shi, *346# kuma na NIN ne, suna cire ɗan kuɗi kaɗan.

Fin ɗin tiransifa da na ATM kada ka rubuta su a littafin nan tare da sauran, a ka ake riƙe su.

Facebook, TikTok da Instagram ma haka, ka duba lamba ko imel ɗin da ke jikinsu ya zama wanda kake da shi yanzu, ba tsohon layin da ya mutu ba. Fasuwod ɗin da Chrome ya ajiye maka suna passwords.google.com. Masu Google Authenticator, musamman 'yan kirifto, ku tabbatar an haɗa shi da Gmail ko ku yi "Transfer accounts" zuwa sabuwar waya kafin a goge tsohuwa.

6. Ranar sayen waya

In da hali ka sayi sabuwar ka dawo gida da duka biyun, ka sayar da tsohuwar daga baya. Na san suwaf yana rage kuɗi kuma ba kowa ke da cikon ba, to in dole ne sai ka gama mataki na 1 zuwa na 5 a gida, a shagon kuma ka nemi kujera ka zauna ka yi na 7 da na 9 kafin ka miƙa. Mai shago zai ce maka oga ba matsala zan yi maka komai, kai dai ka ce a'a, a gabanka za a yi. Ka fita da safe don kada gosulo da duhun magariba su sa ka gaggawa.

A Computer Village, daga ƙarƙashin gadar Ikeja har cikin layin Otigba yara za su yi ta tare ka suna nuna waya a tafin hannu. Kada ka saya a tsaye, labarin wayar da aka cika da fufu kowa ya ji shi. Shiga shago mai suna da lamba, inda in ka dawo gobe zaka same shi. Danna *#06#, lambar IMEI mai guda 15, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, kuma ka sa a rubuta ta a rasit tare da sunan shago da kwanakin garanti. Rasit ɗin nan shi ne zai cece ka idan wayar ta zama ta sata aka biyo sawunta har wajenka.

In tokumbo ce ko ta hannu, sa sim ɗinka a ciki ka kira wani, ka gwada sifika, makirfo, kyamara gaba da baya, wurin caji, da waifai. Ja yatsa a kowane lungu na sikirin. A Samsung da yawa *#0*# yana buɗe shafin gwaji. Sannan ka sa a goge wayar gaba ɗaya a gabanka a kunna ta daga farko da intanet. In ta tsaya tana neman Gmail ɗin wanda ya riƙe ta a baya, ajiye musu abinsu. Kada ka yarda da "za mu yi mata fulashin". Haka wayar da aka ɗauka bashi ba a gama biya ba, tana iya kulle kanta bayan ka kai gida, in ka ga wata manhajar biyan kuɗi da ta ƙi goguwa to alama ce.

iPhone kuma ka shiga "Settings", "General", "About". Wajen "Carrier Lock" ya nuna "No SIM restrictions". In an canza sikirin ko batir da wanda ba na asali ba yakan nuna a wannan shafin. Lafiyar batir tana ƙarƙashin "Battery", in ta yi ƙasa da 80 ka sa kuɗin canza batir cikin cinikin. Babu iCloud ɗin kowa a ciki, wannan ba abin sasantawa ba ne. Ka kuma sani iPhone 14 zuwa sama da aka yi don kasuwar Amurka ba su da wurin sa sim, sai eSIM, wato sim marar kati da ke cikin wayar, wanda sai ka je ofishin layinka an mayar maka.

7. Kunna sabuwa, bi da bi

Cire sim daga tsohuwa ka sa a sabuwa. In sim ɗin babba ne kada ka bari a yanke shi da almakashi, je ofishin layinka da NIN a yi maka welkom bak, wato sabon sim mai lambarka ɗin dai, a ba ka ƙarami. Nan ma wanda layinsa da sunan wani aka yi rajista zai sha wahala, gara ka gyara tun yanzu.

Kunna waya, haɗa ta da intanet, ka sa Gmail ɗin nan na littafi. Kada ka buɗe sabo, kada ka bari a buɗe maka sabo. Google zai iya turo tambaya kan tsohuwar waya, to ta zama a kunne kuma tana da intanet, ka ba ta hotsifot daga wata wayar. Jira minti kaɗan ka buɗe lambobi, za su fara shigowa.

Sai WhatsApp. In hanyar waya zuwa waya zaka bi: a tsohuwa ka shiga "Transfer chats" ka danna "Start", ka kunna waifai da lokeshan a duka biyun. A sabuwa ka sauke WhatsApp, ka sa lambarka ɗin dai, ka shigar da lamba shidan da za a turo, zai tambaye ka ko zaka kwaso hira daga tsohuwar waya, ka amsa, wani zanen QR zai fito, ka haska shi da kyamarar tsohuwar. Ajiye su gefe da gefe a kan tabarma ko tebur, kada ka fita daga manhajar, kada ka ɗauki ɗaya ka shiga ɗaki da ita, har sai ya ce ya gama.

In ta Google ce: bayan ka sa lambar, zai ce ya ga ajiya, ya nuna girmanta da kwanan wata. Danna "Restore".

Gargaɗi mafi girma a duk rubutun nan: kada ka danna "Skip". Sau ɗaya yake tambaya. In ka tsallake ka fara hira, sabuwar wayar za ta iya yin tata ajiyar wadda babu komai a ciki ta danne tsohuwar da ke Google. In hannunka ya kuskure, goge WhatsApp ɗin nan take ka sake saukewa, kada ka bari ya kwana. In kuma bai nuna ajiya ba sam, ɗaya cikin biyu ne, ko lambar ba ita ba ce ko Gmail ɗin ba shi ba ne.

Mai tashi daga Android zuwa iPhone, ajiyar Google ba za ta yi masa aiki ba. Manhajar Move to iOS zai sa a Android ɗin, kuma dole iPhone ɗin ta zama sabuwa fil ko an goge ta, a lokacin saitin farko ake yi. In ka riga ka saita ta sai an sake gogewa. Ka kuma tuna iCloud 5GB kawai yake bayarwa kyauta.

Bayan WhatsApp sai bankuna, ɗaya bayan ɗaya. Za su turo OTP, wasu su nemi lambobin katinka, wasu su ce ka nuna fuska ka juya kai, to ka tsaya inda haske yake ka cire hula ko tabarau. Daga Play Store kawai zaka sauke su, ba ta linkin da aka turo a guruf ba. Ka tura wa wani naira ɗari ka ga ta tafi kafin ka ce ya yi.

Gargaɗi: a ranakun nan in wani ya kira ya ce daga banki ne ko daga WhatsApp, wai ka karanto masa lambar da ta shigo, kashe wayar. Babu ma'aikacin da ke neman wannan lambar.

8. Kulle sim da waya

Wannan minti biyu ne amma mutane ba sa yi. Ɓarawon da ya fizge waya a Oshodi ko cikin cunkoson mota ba wayar kaɗai yake so ba, sim ɗin yake cirewa ya sa a ƙaramar waya ya fara gwada lambobin banki irin su *737#, *894#, *901#, *919# da *966#, domin su da layi suke aiki ba da waya ba. Je setin, "Security", nemi "SIM card lock" ko "SIM lock", ka kunna. Zai nemi fin ɗin asali na kamfani, kira 300 ka tambaye su in ba ka da shi, sannan ka canza zuwa naka.

Gargaɗi: kada ka yi ta cinka. Kuskure uku sim ya kulle sai da PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, kuskure goma a PUK kuma sim ya mutu sai welkom bak.

Sa fin ko fasuwod a sikirin, ba shekarar haihuwa ba, ba zanen harafin L ba. Kunna neman waya na Google, wanda a da ake kira Find My Device yanzu Find Hub. Rubuta IMEI a littafi ka bar shi a gida tare da kwali da rasit.

9. Goge tsohuwa

In wayar tana hannunka ka bar ta kwana biyu ko uku, domin sai ka fara amfani da sabuwar ne zaka tuna da abin da ka bari, rikodin ɗin murya, abin da ka rubuta a Notes, saƙon da ke ɗauke da lambar mita. In ka gamsu sai ka bi wannan jerin. Cire memori da duk wani sim. Shiga "Accounts" ka cire Gmail ɗinka, da akawun ɗin Samsung ko Mi in akwai. Sannan "System", "Reset options", "Erase all data", sunan yana ɗan bambanta daga waya zuwa waya amma in ka rubuta "reset" a wurin bincike na setin zai fito. A iPhone ka fita daga iCloud tukuna, sannan "Erase All Content and Settings".

Cire Gmail kafin gogewa yana da dalili. In aka goge waya ta hanyar danne maɓallan gefe alhali akawun yana ciki, za ta kulle ta ce sai Gmail ɗinka, wanda ya saya ko ƙanenka da ka ba wa a gida zai dawo yana roƙon fasuwod ɗinka, kai kuma bai kamata ka bayar ba. Goge hotuna ɗaya-ɗaya da hannu kuma ba gogewa ba ne, suna zama a kwandon shara na wayar har kwanaki. Bayan gogewar ka kunna ta ka ga ta dawo shafin zaɓen yare, ka wuce shi har ka tabbatar ba ta nemi akawun ɗin kowa ba, sannan ka miƙa.

In wayar ta riga ta tafi

Wanda aka sace wa ko ta faɗa ruwa ta ƙi tashi, jerinsa daban ne. Fara kiran banki ko ka je reshe a tsayar da akawun, sannan ka kira kamfanin layi da wayar wani a rufe sim ɗin. Je ofishinsu da NIN a yi welkom bak, wani lokacin sukan nemi takardar rantsuwa ta kotu da lambobin da ka fi kira. Da layin ya dawo ka sa shi a wata waya ka shiga WhatsApp da lambar, wannan kaɗai zai fitar da shi daga wayar da aka sace. Ka shiga Gmail ɗinka a wata na'ura, "Security", "Your devices", ka fitar da tsohuwar, ko ka goge ta daga nesa ta Find Hub in tana kan intanet. Lambobi da hira kuwa, abin da ya hau Google kafin ranar shi zaka samu, don haka a sabuwar wayar ka koma "Chat backup" ka sa ajiyar ta riƙa yin kanta kullum ko duk mako gwargwadon ƙarfin datarka.